Ilmi a Bainar Jama'a: Jawabi daga Goron Dutse

  Shirinmu na faɗakarwa yau yana zuwa muku ne daga unguwar Goron Dutse, cikin birnin Kano, kuma mas'alar da za mu yi bahasi a kanta ita ce taron kimiyya na bainar jama'a.

Kimiyya dai ita ce sanin halittar Allah ta hanyar lura da awo da gwaji. Taronta na bainar jama'a kuwa shi ne ranar da masana za su fito daga ɗakunan bincikensu, su ɗauko kayan aikinsu su kawo fili, inda ba a tambayar kowa takardar makaranta, su nuna wa mutane yadda wani abu yake gudana, har mutum ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya yi tambaya da harshensa, a ba shi amsa da harshen nan nasa. Da'awata a kan wannan taro guda biyu ce. Yana raya al'adar gari. Yana kuma kawo wa gari ciniki. Ku riƙe waɗannan biyu, al'ada da ciniki, don za mu yi ta komowa kansu. Jawabin fasali huɗu ne: husufin rana, sa'an nan buhun wake, sa'an nan ilmin da muka gada, daga ƙarshe maganar kuɗi da sharuɗɗanta.

To, ga fasali na farko.

Da yawa daga cikinku za su tuna ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, wadda ta zo daidai da ƙarshen watan Safar na shekarar 1427. Da hantsin ranar nan, wajen ƙarfe goma da rabi, sama garau, ba hadari ba hazo mai kauri, sai hasken rana ya soma raunana, zafinta ya lafa, har a Gusau da Katsina da Maraɗi gari ya yi duhu kamar an yi magariba. Mu a nan Kano rana ba ta rufe ɗungum ba, amma abin da ya saura nata ɗan siriri ne ƙwarai. Wannan shi ne husufin rana, wanda malamai ke kira kusufi.

Me ya faru a sama? Wata ne ya gifta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a ƙasa. Mai sauraro zai ce, yaya ƙaramin abu zai rufe babba? Ɗauki faifai ka miƙe hannu da shi kana fuskantar Dala, za ka ga ya ɓoye maka dutsen duka, alhali kuwa ba wanda zai ce faifai ya kai Dala girma. Kusancinsa da idonka ne ya sa. Haka lamarin wata yake. Faɗin rana ya ninka nasa kamar sau 400, nisanta kuma ya ninka nasa kamar sau 400, saboda haka ga idon ɗan Adam sai su zo kusan daidai wa daida. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, rana kuwa kimanin kilomita miliyan 150. Rana ba ta husufi sai a ƙarshen wata, shi kuma wata ba ya husufi sai a tsakiyarsa, daren sha huɗu ko sha biyar. Abin da ya hana a yi husufi kowane wata shi ne, tafarkin wata a karkace yake kaɗan, kamar daraja 5, don haka galibi sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa, inuwarsa ta kuskure duniya.

Inuwar nan ta 2006, wadda faɗinta bai wuce kilomita 190 ba, ta taso daga gaɓar Burazil, ta ƙetare teku, ta shigo ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa Shaki a ƙasar Oyo, ta bi ta Zamfara da Katsina, ta shiga Nijar da Cadi da Libiya, ta taɓa Masar, ta haye zuwa Turkiyya. Inda duhun ya fi daɗewa, wajen iyakar Cadi da Libiya, ya yi minti 4 da daƙiƙa 7. Kuma duk wannan, da hanyar inuwar da sa'arta da daƙiƙarta, masana ilmin falaki, watau ilmin tafiyar rana da wata da taurari, sun lissafa shi sun buga a littattafai tun shekaru da dama kafin ranar.

Yanzu ku saurari abin da ya sa na kawo wannan labari. Shekara biyar kafin nan, a watan Janairu na 2001, an yi husufin wata, sai tarzoma ta tashi a Maiduguri, wasu matasa suka ɗauka zunuban mutanen gari ne suka jawo abin, suka ƙona masaukai da wuraren sana'ar mutane. Da husufin 2006 ya gabato, hukuma da malamai da gidajen rediyo suka tashi da shela tun da wuri, ana gaya wa jama'a ranar da sa'ar, ana gargaɗi kada a dubi rana da ido tsirara, malamai kuma suna tunatarwa da abin da ya tabbata a hadisi, cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, ya rasu a Madina an yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai Annabi ya gyara musu fahimta, ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Ubangiji waɗanda mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umarce su da salla da addu'a da sadaka. Ranar ta zo. Aka yi sallar husufi, raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu. Yara suka kalli sama ta baƙin tabarau na musamman inda aka samu. Gari ya kwana lafiya. Sama ɗaya ce a 2001 da 2006, jama'a. Bayanin da ya riga abin isowa shi ne ya bambanta su.

Amma akwai rabin labarin da yake damuna har yau. Mun tsare zaman lafiya, alhamdu lillahi, sai dai ciniki ya wuce mu. Akwai mutane a duniya waɗanda ke tara kuɗi shekara da shekaru don su bi inuwar wata duk inda za ta faɗa. A shekarar nan dubbansu suka nufi hamadar Libiya, inda aka kafa musu tantuna. Wasu suka taru a Sallum, kan iyakar Masar. Wasu suka cika masaukan gaɓar Turkiyya. Wasu ma suka sauka Agadas, aka ɗauke su da motoci zuwa cikin hamadar Tenere. Katsina tana cikin tsakiyar hanyar duhun, tana da titi, tana da Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu a Daura kusa da ita, Kano kuwa da filin jirgin samanta tana nan tafiyar 'yan sa'o'i. Da an yi shiri tun shekara biyu kafin ranar, da baƙin nan wasunsu a nan za su sauka, su kwana, su ci, su shiga kasuwar Kurmi. Inuwa ɗaya ta faɗa mana da Masarawa. Su sun shirya mata masauki.

Wannan shi ne fasali na farko. Fasali na biyu gajere ne, kuma zai sauko da mu daga sama zuwa rumbu.

Kowane manomin wake ya san ƙwarin wake. Ka girbe da kaka, ka zuba a buhu, bayan wata biyu ko uku ka buɗe ka tarar da huji da gari. Saboda tsoron haka manomi kan sayar tun da kaka, lokacin da wake ya fi araha, ko kuma ya barbaɗa maganin ƙwari, wanda sau da yawa ya zama ajalin masu ci. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Afirka, suka fito da buhu mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa tam. Hikimar ita ce, ƙwaro ma numfashi yake yi. In iska ba ta shiga, sai ya shanye 'yar wadda ke ciki, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Ba magani ko kaɗan. Iska kawai aka hana shi.

To, yaya za a yi manomi ya gaskata? Daga shekarar 2007, da aka soma yaɗa buhun a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu, tare da cibiyar binciken noma ta IITA mai reshe a nan Kano da takwararta ta Nijar da ke Maraɗi, malaman gona suka bi ƙauyuka dubbai da wata dabara. A tara mutane a dandali ko a kasuwa. A karɓi waken mutanen garin, a ɗura a gabansu, a ɗaure a gabansu, a bar shi a hannunsu. Bayan watanni a sake tara su, da mai gari da liman da mata, a kwance buhun kowa yana kallo, a zuba hannu a ɗebo wake sumul kamar ranar da aka casa shi. Gani ya kori ji. Wannan bikin buɗe buhu taron kimiyya ne cikakke, ko da ba a kira shi da sunan ba, kuma fa'idarsa ta bayyana a aljihu: manomi ya iya jira har farashi ya tashi, aka sami masu sayar da buhun a kasuwannin ƙauye, aka riƙa ƙera shi a masana'anta a nan Kano, garin da kasuwar hatsi ta Dawanau take. Ku lura da tsarin, don shi ne asasin komai: a gaban jama'a, da kayan jama'a, da harshen jama'a.

Yanzu mun zo fasali na uku, wanda ya fi kwanta mini a rai, watau ilmin da muka gada.

Akwai masu zaton cewa duk abin da aka kira kimiyya baƙo ne, ya zo a jirgi, kuma in ya shiga gari sai al'ada ta fita. Wanda ya hau Goron Dutse da la'asar sakaliya, ya waiwaya gabas ya hangi Dala, ya dubi rufin gidajen birni har zuwa inda badala ta saura, zai iya warware wannan zato da abin da idonsa ke gani. A gindin Dala masu tonon tarihi sun sami burbushin narkar da tama wanda awonsu ya kai shi ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan tun kafin a gina ganuwa akwai mutane a nan da suka san wane dutse ne ke da ƙarfe a cikinsa, wane gawayi ne ke ba da zafin da zai narka shi, da yadda ake zuga iska da gwargwado. A kan shi kansa Goron Dutse akwai ma'ajiyar ruwan famfo, an ɗora ta a tudu domin nauyin ruwa da kansa ya tura shi cikin unguwanni. Darasi ne a tsaye, yara na wucewa ta gabansa kullum ba wanda ya karanta musu shi.

Ku zo mu je karofin Ƙofar Mata. Marini yana haɗa baba da toka da kanwa cikin ruwa, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa, yana duban kumfa, yana sansana, har ya san ruwan ya nuna. In ya tsoma zane ya ɗago, zanen ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a kan idonka. Masana haɗe-haɗen sinadari sun bayyana dalili. Shunin baba ba ya narkewa a ruwa. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa cikin ruwan toka, su ke sauya shi ya narke ya shiga zare. In ya haɗu da iskar da muke shaƙa, wadda ake kira oksijin, sai ya koma asalinsa, ya maƙale a cikin zaren ba ya fita. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga. Da wani Bajamushe mai suna Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin garin nan da wuri miliyan 300 a shekara, kuma rinin nan ne ƙashin bayansa, har Buzaye cikin Sahara da rawanin ɗan Kura suke ado. Yau ramuka da yawa sun bushe, 'ya'yan marina da yawa sun kama wata sana'a. To, ku ƙaddara an yi taro, an tsayar da dattijon marini a gefe guda, malamar sinadari daga Jami'ar Bayero a ɗaya gefen, shi yana aikatawa ita tana fassarawa, in ta yi kuskure a kan aikin hannu ya gyara mata, ga ɗalibai ɗari biyu suna kallo. Yaron marinin nan da ke cikin taron zai koma gida da wani ido dabam game da sana'ar ubansa. Abin da nake nufi ke nan da raya al'ada.

Haka nan sha'anin sama. Kakanninmu sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. Malaman hisabi sun san cewa shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kamar kwana 11, don haka ba a iya tsayar da lokacin shuka da ita, sai suka riƙe lissafin manzilolin taurari 28, irin su Surayya da Dabaran da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha, kowace kwana 13, guda ɗaya kwana 14, jimla 365 cif. Da wannan lissafi manomi yake tambayar malam ko wace tauraruwa ake ciki kafin ya fitar da iri. Kuma ƙasar nan ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, wanda ya wallafa littafi a kan murabba'an lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan malamin falaki Hasan al-Jabarti. Sai dai wajibi ne a rarrabe, kuma malamanmu sun rarrabe tun da daɗewa: lissafin tafiyar taurari don sanin lokaci da alƙibla da damina halal ne, abin yabo, da'awar sanin gaibu da su kuwa duba ne, shari'a ta hana. Taron da aka shirya da kyau shi ne wurin da ya fi dacewa a faɗi wannan bambanci a fili.

Ga wani abu da ba ya bukatar ko sisin kwabo. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da wajen 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci ɓangaren da rana take, a Kano yake ko a Zariya ko a Damagaram, ya fuskanci alƙibla. Zan maimaita: ƙarshen Mayu, goma da minti goma sha takwas, tsakiyar Yuli, goma da minti ashirin da bakwai. Kafa sanda a miƙe, ka ja layi a kan inuwarta; daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar, nan ce alƙibla. Kowace makarantar allo da kowace Islamiyya tana iya mai da wannan safiya ranar darasi, liman ya zo, magina su zo.

Hawan tudu don neman ilmi ma sunna ce ta magabata. Halifa Ma'amun ya sa an yi awon taurari a kan dutsen Ƙasiyun na Dimashƙa. Al-Biruni ya hau wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsawonsa, ya auna yadda gefen sama ya sunkuya daga ƙolinsa, ya fitar da girman duniya da adadin da bai yi nisa da na masanan yau ba. Ibnul Haisam kuma ya yi risala a kan surar husufi, yana bayanin yadda haske in ya bi ta ƙaramar kafa yake zana hoton rana a bango. Wannan ita ce hanyar da babu haɗari: ranar husufi ka ɗauki matsami ko rariya mai huji, ka juya wa rana baya, ka dubi ƙasa, za ka ga kowane huji ya zana ɗan jinjirin wata. Kada a dubi rana kai tsaye. Kada a dube ta cikin kwanon ruwa, don hasken da ruwa ya maido ma yana ƙona ido. Kada a dogara da tabaran ado.

Kuma kada mu manta, mu ne al'ummar da ke fita duban wata. Da yammacin 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramalana dubban idanu ke fuskantar yamma, ana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Ranar bikin Takutaha kuma birni kan ɗunguma ya hau Dala. Al'adar taruwa da ta hawan dutse da ta kallon sama duk muna da su. Abin da ya rage shi ne a kawo madubin hangen nesa a kafa, yaro ya sa ido ya ga ramukan da ke jikin wata, ya ga zoben Zuhalu, ya ga huɗu daga cikin watannin da ke kewaya Mushtari.

Fasali na huɗu, maganar kuɗi.

Ta ina ciniki yake shigowa? Ta wurin baƙon da ya kwana. Baƙon da ya zo da safe ya koma da yamma ruwan leda kawai zai saya. Wanda ya kwana biyu kuwa zai biya masauki, ya hau a-daidaita-sahu, ya ci gurasa da tsire, ya sayi kilishi tsaraba, ya shiga Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi cinikin jaka wurin dukawa da hula da turare, ya biya ɗan jagora ya kai shi Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Kuɗin nan kuwa ba ya tsayawa a hannu ɗaya: mai masauki ya biya mai wanki, mai gurasa ta biya mai itace da mai niƙa, baduku ya koma wurin majemi. Birnin Edinbara na ƙasar Sukotlan da gangan ya ƙirƙiri bikin kimiyya a 1989, domin ya sami baƙi a lokacin da ba damina ce ta baƙi ba, kuma har yau ana yi. Wani ƙaramin gari na Afirka ta Kudu, Makhanda, ya soma nasa a 1997, motocin makarantu suka riƙa zuwa daga larduna masu nisa. Kano ta fi su abin nunawa. Hawan Salla namu ya shiga kundin gadon duniya na UNESCO a Disamban 2024, kamar yadda bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, kuma muna da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa da za su iya tsayawa gaban jama'a su yi bayani da Hausa tsantsa.

Amma fa akwai sharuɗɗa, in ba a cika su ba wahalar banza za a yi. A yi shi kowace shekara, a lokaci sananne, domin taron da aka yi sau ɗaya aka watse ba ya gina kasuwa. Ɗan kasuwa sai ya tabbata baɗi ma za a dawo kafin ya zuba jarinsa. A zaɓi lokacin da sama take garau, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu ya sauko, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a kuma daidaita da daren bakwai ga wata, lokacin da duwatsun jikin wata suka fi fitowa a madubi. A ba mutanen unguwa rumfunan sayarwa kafin a ba na nesa, don wanda ya sha ƙurar taro shi ya fi cancanta da ribarsa. A ware wa mata lokacinsu da wurinsu, a kuma kai madubin har makarantun matan aure, kada a ce ilmin sama na maza ne. Sa'an nan a gyara dutsen kansa. Zaizayar ruwa tana cin gefensa, gine-gine suna matsowa, shara tana taruwa, badala kuma ana ta yankarta ana gini. Ba ka gayyatar baƙo ya zo kallon abin da kai da kanka ka wulakanta, kuma kuɗin da taron ya kawo ya kamata a ga wani kashi nasa a matakala da fitila da shara.

Ga ranaku biyu da nake roƙon ku rubuta. Ranar 2 ga Agusta, 2027, za a yi husufin rana cikakke wanda zai bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, ya rufe Jidda da Makka, duhunsa a kusa da Luksor ya haura minti 6. Mu nan wani ɓangare kaɗan za mu gani, in hadarin Agusta ya bari, amma ya isa a gwada shiri da shi, a horar da malamai, a koya wa yara rariya da inuwa. Ta biyu ita ce 20 ga Maris, 2034. A ranar nan inuwar wata za ta sake sauka a Nijeriya, ta shigo ta Legas da Birnin Binin, ta ratsa ƙasar zuwa Cadi, kuma masu bin husufi na duniya za su zo. Wanda ya taso daga Turai ko Asiya don duhun minti huɗu ba zai ƙi ƙara kwana uku ya ga birni mai shekara dubu ba, in an tanadi abin da zai gani da wanda zai yi masa bayani. Ina kira ga Jami'ar Bayero, da hukumar tarihi da al'adu ta jiha, da masarauta, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da masu unguwannin Goron Dutse da Dala, su zauna tun bana su tsayar da rana ta farko. Ku kuma malaman makarantu da ke saurare, kada ku jira su: sanda ɗaya da fili mai rana sun ishe ku ranar 28 ga Mayu mai zuwa.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko da ita gidan rediyon nan, za mu karanta mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.